Farin Tawul ɗin da Ke Tsakanina da Malam Sule

Har gobe ban manta da ranar da Malam Sule ya turo mini takardata ta dawo gabana ba tare da ya sa mata hannu ba. Shekara shida ina aiki a ƙarƙashinsa, duk abin da na rubuta sa hannu yake yi, wani lokaci ma kafin ya karanta. Ranar kuwa sau biyu ya karanta, ya kusanto da ita har tana neman taɓa hancinsa, sannan ya ce in je in sake. Ku da kuka shigo ofishin wasanni bana kuna ta tambayata dalilin da ya sa na hana a shiga rumfar 'yan wasa da farin tawul, har na ji wani a cikinku yana cewa wai camfi ne irin na mutanen Kano. Ba camfi ba ne. Ku zauna in ba ku labarin gaba ɗaya, don na gaji da bayar da shi gutsure-gutsure.

Bari in fara da wasan kansa, tunda rabinku daga ƙwallon ƙafa kuka zo, sauran kuma har yanzu kurket kuke ce masa, kamar direbobin tasin garin nan. Besbol tasha huɗu gare shi. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya maka ta da gora ya ruga: tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sannan ya koma inda ya taso, wurin da muke kira gida. In ya taka gida kafin abokan karawa su dawo da ƙwallon su taɓa shi da ita, an ci ɗaya. Matsalar ita ce mai gudu ba ya ganin ƙwallon, a bayansa take, kuma in ya tsaya waige ya ɓata lokaci. Shi ya sa ake tsayar da koci kusa da tasha ta uku ya zama idonsa. In koci ya juya hannu kamar fanka, ka wuce gida. In ya ɗaga hannu biyu sama, ka tsaya. A bakin gida kuma akwai mai cafewa na abokan karawa, sanye da kariya daga ƙirji har ƙwauri, yana jiran a wurgo masa. In aka tura mutum ya wuce alhali ƙwallon ta riga shi isa, cikin wannan ƙaton zai faɗa da gudunsa.

Malam Sule shi ne ya kafa wasan a kwalejin nan. A wata kwalejin horar da malamai ta arewacin Najeriya ya koye shi yana saurayi, wurin wani malami ɗan Japan da ya yi shekara biyu ya tafi ya bar musu gorori da safar hannu a buhu. Ya koyar da motsa jiki a gida na ɗan lokaci, sannan ya zo Dubai tun kwalejin nan gini biyu ce a tsakiyar rairayi, babu ko bishiyar da za ka fake. Filin da kuke gani shi ya auna shi da igiya. Tudun da mai jifa ke tsayawa a kai ba ya yiwuwa da rairayi, don haka ya sa aka kawo masa jan yumɓu daga can wajen duwatsu, ya sassaƙa madaɓi na katako, ya riƙa yayyafa ruwa yana bugawa kamar yadda gyatumarsa ke daɓen ɗaki. Duk ranar wasa, daga sallar asuba a masallacin unguwarsu ta Abu Hail nan yake wucewa ya yi wannan daɓen da hannunsa. Akwai ma'aikatan fili, amma bai taɓa bari sun taɓa tudun ba.

Da kwalejin ta girma aka ba shi daraktan wasanni, bai kuma ajiye koci ba. Kujera biyu ke nan a hannun mutum ɗaya. A matsayin darakta, shi ke duba kocin ƙwallon ƙafa da na kwando da na ninƙaya, shi ke tsara jadawali, kuma a farkon kowace kakar wasa shi ke sa hannu a takardar da ke cewa kowane koci lafiyarsa ƙalau, zai iya aiki a fili. A cikin jerin sunayen da yake sa wa hannu har da nasa. Lokacin da abin nan ya faru ya haura shekara talatin a nan, ya kuma wuce sittin da haihuwa, saboda haka shekara-shekara ake sabunta masa kwantiragi. Kun san yadda garin nan yake: bizarka a jikin aikinka take. Ran da aiki ya ƙare, sai a ba ka ɗan lokaci ka tattara ya-naka-ya-naka, ko da kuwa a nan ka haifi 'ya'yanka ka aurar da su.

Ni mataimakinsa ne. Ya ɗauko ni ina ɗan karatun motsa jiki ina zaune a unguwar International City, mu huɗu a ɗaki, ban san ko ta wane hannu ake sa safar ba. Ɗalibai Baba Koci suke ce masa, har da Indiyawa da 'yan Filifin da Larabawa. Ni Malam nake ce masa, kuma ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya yi kuma ba ya maimaitawa. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne uzuri.

A shekarata ta huɗu na fara lura da idonsa. In aka buga ƙwallon sama sai in ga yana juya kai gaba ɗaya yana nemanta, kamar mai neman wayarsa a ɗaki. Abin da ke gabansa sak yana gani, amma na gefe ya tafi, ƙaramar farar ƙwallo kuma a sararin samaniyar Dubai ta fi ƙarfinsa. Daga baya na san hawan jinin ido ne, irin wanda in ya ci ba ya mayarwa. Sau biyu a wata ɗaya ya tsayar da mai gudu alhali hanya a buɗe take, ɗalibai suka ce Baba Koci ya tsufa ya zama mai tsoro. Na ji zafin wannan maganar ƙwarai.

To, rumfarmu tana ɗaya ɓangaren filin, tana fuskantar inda yake tsayawa. Ina da wani farin tawul da nake ratayawa a wuya saboda gumi. Wata rana aka buga ƙwallo ta yi nisa, na ga hanya a buɗe, na ga shi kuma yana lalube. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗaga tawul ɗin sama kamar mai murna. Ya kalli rumfar, ya ga fari a sama, ya juya hannu. Muka ci. A wasa na gaba na ga da an buga ba ƙwallon yake nema ba, ni yake nema. Tawul a sama, wuce. Tawul a ƙasa, tsaya. Shi ke nan aiki ya zauna.

Ga abin da nake so ku riƙe: ba mu taɓa maganar ba. Ko sau ɗaya. Kaka biyu cur muna wannan, muna cin abinci tare a ofis, ina kai shi gida a motata ranar da ya ce tasa tana gareji, kuma tana garejin kusan kullum, amma bai ce mini idona ya yi rauni ba, ni ma ban ce Malam na ga idonka ya yi rauni ba. Ta ina zan fara? Sa'an ubana ne. Da wane baki zan gaya wa mutumin da ya auna fili da igiya cewa ba ya ganin filin? A wurina rufin asiri nake yi, kuma wallahi ina jin daɗin kaina, ina ganin ni ɗan halak ne.

Ranar da abin ya faru wata Asabar ce a ƙarshen lokacin sanyi, zafi ya fara leƙowa, bayan la'asar. Muna wasa da wata kwaleji daga maƙwabciyar masarauta. Ba wasan ƙarshe ba ne, ba kofi ake nema ba, wasa ne kawai na jadawali. Mai gudunmu a tasha ta biyu Hamisu ne, ɗan shekarar ƙarshe, ɗan wani Alhaji mai shagon jakunkuna a kasuwar Naif. Shi ya fi kowa gudu a ƙungiyar, kuma ba shi da gardama. Aka buga ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta yi tsalle biyu ta faɗa hannun ɗan wasansu na tsakiya, wanda kowa ya san hannunsa kamar bindiga yake. Ko makaho ya san wannan ta tsayawa ce. Ban ma ɗauke ta a bakin komai ba. A daidai lokacin gumi ya gangaro ya shiga idona, yana yaji, sai na ciro tawul ɗin daga wuya da hannu biyu, na ɗaga shi na goge fuska har ka.

Da na sauke shi, Malam Sule yana juya hannu.

Na yi ihu, amma me ihu zai yi? Hamisu ya riga ya zagaye tasha ta uku da dukan ƙarfinsa. Ƙwallon ta riga shi isa da taku huɗu ko biyar. Ya ga mai cafewa a gabansa, ya zube zai sulale ta ƙasa a makare, ƙafarsa ta dama ta cake a ƙarƙashin gwiwar wancan, jikinsa ya wuce ƙafar ta tsaya. Daga rumfa na ji ƙarar. Aka tsayar da wasa, motar asibiti ta zo. Karaya biyu ce sama da idon sawu, aka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Malam Sule ya bi gadon da aka ɗora shi a kai har bakin mota yana riƙe da hannun Hamisu, ni kuma bai kalle ni ba.

Ƙa'idar kwalejin nan, wadda har yanzu ita muke bi, ita ce in ɗalibi ya ji ciwon da ya kai shi asibiti, mataimakin koci ne ke cike takardar rahoto, ba kocin ba, don kada mutum ya zama alƙalin kansa. Sannan darakta ya karanta ya sa hannu, ya miƙa wa shugabar sashen ɗalibai kafin kwana biyu na aiki su cika. Wanda ya tsara wannan ƙa'idar Malam Sule ne da kansa. Abin da bai hango ba, ko ya hango ya kawar da kai, shi ne ranar da kocin da daraktan za su zama mutum ɗaya.

Ranar Litinin da safe na zauna da takardar. Akwai gurbin da ke tambayar abin da ya sa koci ya ba da umarnin da ya bayar. Na daɗe ina juya biro. In na rubuta gaskiya, Malam ya tafi, kuma ba gida Abu Hail zai tafi ba, gida Najeriya. Ni ma ban tsira ba, don hannuna dumu-dumu a ciki. Sai na rubuta cewa hasken rana ne ya kashe wa koci ido bai ga ƙwallon ba. Abu ne da ke faruwa, babu wanda zai yi musu a ƙasar da rana ke narka kwalta. Na kai masa.

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam Auwal, zauna."

Bai taɓa kirana Malam Auwal ba. Auwalu yake cewa, in ya ji daɗi ya ce ɗana. Na zauna a bakin kujera.

"Yanzu da daraktan wasanni kake magana, ba da kocinka ba. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"Ƙarfe nawa abin ya faru?"

"Biyar saura kwata."

"Kocin nan ina yake kallo?"

"Tsakiyar fili."

"Wanda ya auna filin nan sai da ya yi mako guda yana zuwa da la'asar yana duba inda rana ke faɗuwa, kafin ya kafa turke ko ɗaya. Biyar saura kwata rana a ƙeyar kocin tasha ta uku take. Ka kawo mini ƙarya, kuma ba ka ma zaɓi mai kyau ba."

Na ce, "Malam, don Allah—"

"Ba Malam a ɗakin nan. Ina tambayarka a kan ma'aikacina. Yana ganin ƙwallo ko ba ya gani?"

Na sunkuyar da kai. Wallahi da a ce in faɗa gara a ce in yi gudu zuwa Naif a ƙafa da tsakar rana. Ya jira. Ba ya gaggawa in yana jiran amsa, haka yake yi wa ɗalibai har su gaji su faɗi gaskiya.

"Ba ya gani," na ce.

"Tun yaushe?"

"Kaka biyu."

"Da me yake aiki?"

"Da tawul ɗina."

"Ranar Asabar fa?"

"Fuska na goge."

Sai ya turo takardar ta dawo gabana da yatsa ɗaya. "Je ka rubuta abin da ka faɗa yanzu, yadda ka faɗe shi. Kada ka rage nawa, kada ka rage naka."

A bakin ƙofa na juyo, raina ya ɗan ɓaci, na ce, "Malam, ka san abin da zai biyo baya fa. Matarka Hajiya fa? Shekara talatin fa?"

"Na san shi tun ranar Asabar. Yalla, maza je ka rubuta."

Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi ya ci. Ya sa hannu a ƙasa, bai gyara ko harafi ba. Sannan ya ce kafin takardar ta je ofishin Dokta Huda, shugabar sashen ɗalibai, akwai wanda ya kamata ya fara ji, don shi ne mai ƙafar. Na ɗauko mota muka tafi asibiti.

Mun sami Hamisu kwance an ɗaga masa ƙafa, mahaifinsa ya fita sallar azahar. Ya yunƙura zai tashi don ganin Baba Koci, Malam ya danne masa kafaɗa. Ya ja kujera, ya yi masa ya jiki, sannan ya shiga maganar kai tsaye. Ya ce shi ya tura shi cikin wancan mutumin, kuma ba kuskuren lissafi ba ne, bai ga ƙwallon ba sam, ya daɗe ba ya ganinta, da tawul ɗin Auwalu yake aiki. Ya ce ya zo ya nemi gafararsa ne, in ya ga dama ya yafe, in bai ga dama ba haƙƙinsa ne.

Hamisu ya kalle ni, ya kalli Malam. Ya ce, "Haba Baba Koci, wallahi ba komai, na yafe. Ai ba laifinka ba ne. Ni ma tawul ɗin na kalla."

Malam ya ce, "Me ka ce?"

"Tawul ɗin Malam Auwalu. Tun ina tasha ta biyu na hango shi a sama, na saki gudu. Ko ba ka juya hannu ba da na wuce."

"Wa ya gaya maka maganar tawul?"

Nan Hamisu ya gane ya yi ɓaram-ɓarama, amma ya makara. Ya ce a hankali, "Kowa ya sani, Baba. Tun bara. Mu Hausawan ƙungiyar ne muka tara sauran muka ce kada wanda ya kuskura ya ɗaga maganar, ba a yi wa babba haka. In sabon ɗan wasa ya zo sai mu ja shi gefe mu ce masa, ka girmama hannun Baba Koci, amma tawul za ka duba."

Ni kaina ban san da wannan ba. Na zaci sirrin mutum biyu ne. Na kalli Malam Sule, na ga fuskarsa ba ta canza ba. Ya yi wa Hamisu addu'a, ya miƙe.

Muka kama hanya a mota har muka kusa kwaleji. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Idona ni na san shi, Auwalu. Likita ya gaya mini tun kafin kai ka lura, ni na ɓoye, ni na sa wa kaina hannu sau biyu. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Amma na zaci aiki nake yi da ɗan taimako. Ashe shekara guda tsayuwa kawai nake ina kaɗa hannu, mutum ashirin suna kallona. A cikinku duka ba a sami ɗaya da ya ga na kai a gaya mini ba."

Na ce, "Kunya ce, Malam."

"Na sani," ya ce. "Ni na koya muku ita."

Dokta Huda ta karanta rahoton a gabanmu. Mace ce mai adalci, kuma tana ganin girmansa. Ta ce ya ajiye fili ya riƙe ofis, za ta tsaya masa a sabunta kwantiragin a matsayin darakta kaɗai, tunda tsara jadawali ba ya buƙatar ganin ƙwallo. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan an sami mafita. Malam ya yi mata godiya, sannan ya ce kocin ido ya rasa, wannan ba laifi ba ne, amma daraktan sau biyu yana sa hannu a takardar da ya san ba gaskiya ba ce, kuma da kocin ninƙaya ne ya yi haka da shi da kansa ya sallame shi. Ta yi ta lallashi. Ya ce, "Khalas, Dokta, magana ta ƙare." Ta san shi, ba ta ƙara ba.

Ya yi wata guda yana miƙa aiki. A ranarsa ta ƙarshe a ofis ya sa hannu a takarda biyu. Ta farko ita ce wadda ta ce daga yau likitan kwaleji ne zai gwada kowane koci, har da ido, kuma mutum ɗaya ba zai sake riƙe koci da darakta tare ba. Ta biyu takardar gargaɗi ce, da sunana a kai, saboda ɓoye abin da ya shafi lafiyar ɗalibai da kuma kawo rahoton ƙarya. Ya miƙo mini da hannu biyu. A shawarar da ya bar wa Dokta Huda ya ce kada a ba ni ƙungiyar tukuna. Aka kawo wani daga waje, na yi masa mataimaki shekara uku kafin kujerar ta zo kaina. A lokacin na ji haushi sosai, har na yi kwana biyu ban je gaishe shi ba, ni da na yi ta rufa masa asiri. A kwana na uku na je, don kayansu ake ɗaurewa.

Kayan shekara talatin kwali-kwali suka tafi ta kargo, wani ɗan kasuwa abokinsa ya sa su a kwantenarsa. Madaɓin bai tafi da shi ba. Da asubar ranar tafiyarsu ya ce in biya da shi fili. Ya durƙusa a kan tudun, ya shafa shi da tafin hannu ya gano inda ya lotsa, ya nuna mini yawan ruwan da ake yayyafawa, ya ce in bari ya tsotse kafin in buga. Ya miƙo mini madaɓin ya ce, "Kada ka bar masu fili su taɓa, siminti za su mayar da shi." Daga nan filin jirgi muka wuce.

Hamisu ya warke, ya gama karatunsa, yana aiki a garin nan. Bai sake gudu ba. In kun ga wani mai ɗan ɗingishi ya zo kallon wasa ya zauna a layin gaba yana yi wa alƙalin wasa tsiya, shi ne. Malam Sule yana gida, idon ya ƙara ja baya. Ina kiransa duk Juma'a, kuma tambayarsa ta farko kullum a kan tudun take.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne. A aikinmu mai gudu ba ya waige, ya ba ka amanar ƙafarsa ne ya ruga. Mu kuma mutane ne da aka rena a kan kada a kunyata babba, kuma ban ce tarbiyyar banza ce ba. Amma mu ashirin da ɗaya muka yi ta kare fuskar mutum ɗaya, ƙafar wani ta biya, shi kuma wanda muka kare ɗin abin da ya fi ci masa rai shi ne kariyar. Takardar gargaɗin nan tana cikin aljihun teburina na sama, duk mai so ya zo ya karanta.

Yanzu ni ke tsayawa a tasha ta uku, kuma gemuna ya fara fari, kuna gani. Ranar da kuka ga ina juya kai ina neman ƙwallo, kada wanda ya ɗaga mini komai daga rumfa. Ku same ni a ofis, ku rufe ƙofa, ku gaya mini. Zan ji haushi, wataƙila ma in yi kwana biyu ban amsa gaisuwarku ba. Ku dai gaya mini.